Martani: Kwamfutar Wasa a Abuja, Daga Soket Ake Fara Lissafi

Kwamfutar wasa tana tsaye ne a kan na'urori biyu da suka raba aiki a tsakaninsu. Furosesa shi ke riƙe da dokar wasan: inda ƙwallo za ta faɗa, abin da abokin karawa zai yi, abin da ya kamata ya biyo baya idan ɗan wasa ya danna maɓalli. Katin girafik kuma shi ke zana abin da ido zai gani, hoto bayan hoto, 60 ko fiye a cikin sakan guda. Kowane hoto sai ya bi ta hannun su biyun kafin ya bayyana, don haka wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke yanke saurin wasan, komai ƙarfin ɗan'uwansa.

A kan wannan batu ne wani marubuci ya yi wa matasan Abuja nasiha a wata maƙala. Jigon maganarsa shi ne, mai haɗa sabuwar kwamfuta ya fara da furosesa mafi girma da aljihunsa zai ɗauka, Core i9 in da hali, tunda shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Bayan haka ya nemi katin da ya fi yawan gigabait, idan kuɗi ya gaza ya ɗauki na hannu. Hujjar da ya ɗora komai a kanta ita ce naira kullum faɗuwa take yi, saboda haka gara a sayi na ƙarshe sau ɗaya a huta shekara da shekaru. Nasihar tana da daɗin ji, kuma kusan ita ce mai saye zai ji idan ya zagaya shagunan Banex Plaza da ke Wuse 2. Sai dai ta juya tsarin sayayyar kai a ƙasa, kuma daga farkonta har ƙarshenta ba ta ambaci wutar lantarki ba.

Kiran furosesa ƙwaƙwalwa shi ne tushen kuskuren. Core i9-14900K, wanda Intel ya fitar a watan Oktoba na 2023 a kan dala 589, yana da ƙwayoyin aiki 24, takwas manya da ƙanana 16. Yawancin wasanni ba su iya raba aikinsu ga ƙwayoyi masu yawa haka. Shida zuwa takwas sun ishe su, sauran sai su zauna zaman kashe wando. Ryzen 5 5600 mai ƙwayoyi shida ya fito a Afrilun 2022 a kan dala 199. Ratar da ke tsakanin farashin biyun, dala 390, ta wuce kuɗin katin RTX 4060 sukutum, wanda aka sa wa dala 299 a Yunin 2023. Ba a ma lissafa madabod mai tsada da babbar na'urar sanyayawa da i9 ke buƙata ba. Wanda ya bi nasihar marubucin da kuɗi ƙayyadadde zai ƙare da babban furosesa a gefen ƙaramin kati, wanda kuwa ya juya lissafin zai ga wasansa ya fi kyau da santsi da kuɗi iri ɗaya.

Ko a sahun manya, yawan ƙwayoyi bai ci gasar ba. Ryzen 7 7800X3D na Afrilun 2023 ƙwayoyi takwas ne kacal gare shi, amma AMD ya ɗora masa ma'ajiyar kusa mai megabait 96, inda yake ajiye bayanan wasa a hannunsa maimakon ya riƙa aikawa RAM ta kawo. A gwaje-gwajen wasanni da yawa ya kamo i9 ɗin ko ya wuce shi, alhali wutar da yake sha ba ta kai rabin ta wancan ba. Akwai inda marubucin yake da gaskiya: mai tace bidiyo, ko mai haɗa fim yana wasa a gefe, zai ci moriyar ƙwayoyi masu yawa, haka kuma wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant sun fi jingina da furosesa idan ana neman hotuna ɗaruruwa a sakan. Amma maƙalar ba ta ware waɗannan ba, kowa ta yi wa kuɗin goro.

Wani abin da ta tsallake shi ne labarin 2024. A watan Yuli na shekarar Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, musamman manyan, suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima har su lalace a hankali, wasa ya riƙa mutuwa ba dalili. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa ta gaba, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Ga mai saye a Amurka, wannan magana ce ta cike takarda da aika kaya. Ga wanda ya saya a Abuja daga hannun ɗan kasuwar da ya sara a Dubai ko Sin, garantin da ke hannunsa sau da yawa bai wuce abin da mai shago ya rubuta a rasit ba.

Sunan ma kansa tarko ne. A kasuwa ana cewa "i7 ce" kamar an gama magana, alhali Core i7-4770 na 2013 bai kama ƙafar Core i3-12100 na 2022 ba a wasa. Lambar zubi ita ce abin dubawa. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su daga Turai galibi ƙaramin fawa-fak, wato na'urar raba wuta a cikin kwamfuta, gare su, da akwati matsattse wanda babban kati ba ya shiga, kuma kusan duk Intel ɗin da ya gabaci zubi na takwas ba ya cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, ga shi Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Kafin a zaɓi kati, monita ake tambaya. Fuskar 1080p tana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, ta 1440p kusan miliyan uku da dubu 700, ta 4K kuwa ta haura miliyan takwas. Aikin kati yana ƙaruwa ne gwargwadon ɗigon da zai cika. Sannan kowace fuska tana da iyakar hotunan da take iya nunawa: talabijin ɗin falo da yawancin monitocin ofis 60 suke nunawa a sakan, ko da kati ya zana 200. Haɗa RTX 4090 da irin wannan fuska, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Wasannin da suka fi farin jini a gidajen gem na Kubwa da Nyanya ma ba masu nauyi ba ne. Katin da kamfanin EA ya ba da shawara a kai ga FC 24 shi ne GTX 1660, wanda ya fito tun 2019, GTA V kuwa tun 2015 yake kan kwamfuta.

Batun gigabait yana da fuska biyu, marubucin ya ga ɗaya. Ma'ajiyar kati rumbu ce, girman rumbu kuma bai nuna ƙarfin mai noma. RTX 3060 yana da gigabait 12, RTX 3070 yana da takwas, amma na biyun ya fi sauri nesa ba kusa ba. Akwai GT 730 mai gigabait huɗu da ake rubuta lambar ɓaro-ɓaro a kwalinsa, wanda ko tsohon GTX 750 Ti mai gigabait biyu ya fi shi. Duk da haka, idan rumbun ya cika wasa yakan riƙa tsinkewa. An ga hakan a 2023, lokacin da Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka wahalar da katuna masu gigabait takwas a saiti mafi girma. Ma'aunin da ya dace shi ne a fara duba saurin katin a wasan da ake bugawa, sannan tsakanin katuna biyu masu kusan ƙarfi ɗaya a fifita mai babbar ma'ajiya. Takwas ta wadatar a 1080p idan an ɗan sassauta saiti, 12 zuwa 16 ita ce ta 1440p.

Sai maganar wuta, wadda a Abuja ita ce uwar lissafi. Kamfanin AEDC, mai raba wuta a Birnin Tarayya da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa, ya kasa masu amfani da shi rukuni-rukuni bisa tsarin hukumar NERC. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa takwas, E awa huɗu. A ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga naira 60 da wani abu zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauko da shi 206.80 a watan Mayu, ya koma 209.50 a Yuli. Wato mazaunin Abuja yana cikin ɗayan hali biyu: ko yana samun wuta da tsada, ko yana samun araharta amma ba ta zama.

Kowane kati da rubutaccen abin da yake sha. RTX 4060 wat 115 ne, RX 6600 wat 132, RTX 4070 wat 200, RTX 4090 wat 450, RTX 5090 na Janairun 2025 kuwa wat 575. Core i9-14900K yana iya kaiwa wat 253 idan aiki ya yi tsanani, Ryzen 5 5600 an rubuta masa 65. Kwamfutar da marubucin ke yabo tana iya jan wat 600 daga bango a tsakiyar wasa, matsakaiciya kuma wajen 250. Idan ana wasa awa huɗu kullum, ta farko za ta cinye yunit 72 a wata, ta biyu yunit 30. A farashin 209.50, naira 15,000 ke nan da 'yan kai a gefe guda, 6,300 a ɗaya gefen. Mai iya sayen RTX 4090 zai ce wannan ba kuɗi ba ne, kuma da gaskiyarsa. Tsadar tana ɓoye ne a lokacin da Nepa ta ɗauke.

Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda. Irin na dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko, inbata kuma tana cin nata kason, sai a tashi da yunit ɗaya ko ɗan sama da haka. Wannan zai riƙe matsakaiciyar kwamfuta kusan awa huɗu, babbar kuwa ba zai kai ta awa biyu ba, kuma ba a kunna fanka ko firji ba. Ƙaramin janaretan nan da ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" ƙarfinsa wajen wat 650 ne, babbar kwamfutar kaɗai ta kusa shaƙe shi, ga wutarsa mai hawa da sauka. Man fetur kuwa kowa ya san inda ya nufa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Na'urar UPS ma da nata ruɗin: lambar da ke jikinta ta VA ce, ba wat ba. Mai 650VA da ke cike da shaguna abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Masu arahar kuma wutar da suke bayarwa mai tsani-tsani ce maimakon mai santsi irin ta layi, wasu fawa-fak na zamani kan mutu nan take idan aka juya su kanta, sai ya zama an sayi UPS ɗin a banza. Duk wat 100 da aka ƙara a kati yana jawo ƙarin batir, babbar UPS da babbar sitabilaiza. Waɗannan ba sa cikin rasit ɗin Banex, amma daga aljihu ɗaya suke fita.

Fawa-fak shi ne inda masu haɗa kwamfuta suka fi yin rowa, bayan sun zuba kuɗi a furosesa kamar yadda aka ba su shawara. Shi ne ƙofar da kowace wuta ke bi ta shiga, kuma shi ke fara karɓar dukan idan an maido da wuta da ƙarfi, ko tsawa ta faɗa kan layi da damina. Wanda ba shi da suna, an lafta masa wat 800 a jiki amma bai fi kwalin ashana nauyi ba, idan ya tashi mutuwa yakan tafi da kati da madabod. Na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, mai wat 550 zuwa 650, ya ishi matsakaiciyar kwamfuta da rara. Araha ba ta ado a nan.

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, a cikin ɗaki kuma take zuba shi. Alƙaluman saurin da ake gani a gwaje-gwajen ƙetare an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyin digiri 22 ko makamancin haka. A Abuja, watan Maris yakan kai digiri 37 da rana. Kati da furosesa suna da iyakar zafin da idan sun kusance shi suke rage gudu da kansu don kada su ƙone: i9 ɗin a digiri 100, yawancin Ryzen na zubin 7000 a 95, katunan Nvidia da yawa a wajen 83. Ɗaki mai zafi yana cinye ratar da ke tsakaninsu da wannan iyaka, sai a biya kuɗin gudun da ba za a taɓa gani ba, sai fa in an haɗa da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ma wuta take sha. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Akwati mai raga a gaba da matatar ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa hure shi lokaci-lokaci, ya fi fitilu masu launi amfani.

Hujjar naira ita ce mafi ƙarfi a maƙalar, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kusan 750 a hannun 'yan canjin Wuse Zone 4. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin shekarar, sai ga dala ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kayan dala 300 da ɗan kasuwa ke samu a kan naira 225,000 ya koma 450,000, kafin kuɗin jirgi da kwastan da riba. Wanda ya saya da wuri ya ci riba, babu musu. Amma wannan hujja ce ta saye da wuri, ba ta nuna cewa mafi tsada za a saya ba. Babban kati ma faɗuwa yake yi, da dala kuwa. RTX 2080 Ti ya fito a 2018 a kan dala 1,000 zuwa 1,200. Shekara biyu bayan haka RTX 3070 na dala 499 ya kamo shi. Tazarar da ke tsakanin zubi da zubi ta ragu a 'yan shekarun nan, amma har yanzu kuɗin da aka ɗaure a saman jeri shi ne ya fi saurin narkewa.

Tanadin gobe na gaskiya yana cikin mazaunin furosesa a madabod. AMD ya riƙe mazaunin AM4 tun daga Ryzen na farko a 2017, har ya fitar masa da 5800X3D a 2022 da 5700X3D a 2024, ta yadda masu tsohon madabod da yawa suka canza furosesa kawai bayan sabunta BIOS. Mazaunin AM5 ya zo a Satumban 2022, da RAM nau'in DDR5 kaɗai yake aiki, kuma kamfanin ya yi alkawarin riƙe shi har 2027 ko bayanta. Mazaunin LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, aka rufe babinsa da fitowar LGA1851 a Oktoban 2024. Wato i9 ɗin da marubucin ya kira jarin shekaru yana zaune ne a gidan da ba za a ƙara gina masa ɗaki ba.

Daga waɗannan, haɗin da ya dace yana fitowa da kansa. Ga mai fuskar 1080p da wutar da ba ta da tabbas, Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, da RX 6600 ko RTX 4060, da RAM gigabait 16 a sanda biyu. Ga mai 1440p da sola ko inbata mai ƙarfi, Ryzen 5 7600 da kati irin RTX 4070 ko RX 7800 XT, sai dai a tuna na biyun wat 263 yake sha. Arc B580 na Intel, mai gigabait 12 a kan dala 249, ya shigo a Disamban 2024, amma ba ya sakin jiki a kan tsohon furosesa. A kowane hali kati ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin.

Katin hannu, wanda ake yi wa kwalliya da sunan "Landan-yus", marubucin ya ambace shi a layi ɗaya kamar ba komai. Tarihinsa ya fi haka tsawo. A 2017, da kuma daga 2020 zuwa 2022, masu haƙar kuɗin Ethereum sun wawashe katuna a duniya suna kunna su dare da rana. Ranar 15 ga Satumba, 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙa da kati ta daina biya, katunan suka kwararo kasuwannin gwanjo. RX 580 na 2017 shi ne ya fi yawa a cikinsu, wasu an sake musu riga da fanka a Sin an sa su a sabon kwali. Akwai kuma na jabu tsantsa, tsohon GTS 450 da aka sauya wa bayanan ciki yana amsa sunan GTX 1050 Ti. Wannan bai haramta sayen na hannu ba, da yawansu suna da sauran rai. Sharaɗin shi ne a gwada a gaban mai shago: manhajar GPU-Z ta nuna ainihin ƙwayar da ke ciki, a kunna wasa mai nauyi na rabin awa ana kallon zafi, a saurari ƙarar fanka, a duba ko hoto na fitar da ɗige-ɗige ko layuka, sannan a rubuta lambar jikin katin da kwanakin gwaji a rasit. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba da amsa.

Saura abin da kati da furosesa duka ba su da iko a kansa. Mai buga Warzone ko FC da mutanen wasu ƙasashe, saƙon kowane motsinsa sai ya je babbar kwamfutar kamfanin wasan ya dawo, yawancinsu kuma a Turai suke ko Afirka ta Kudu. Haske yana tafiyar kilomita 200,000 a sakan a cikin wayar gilashi. Wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010 tsawonta kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, kafin a ƙara hanyar Abuja zuwa Legas da ta Fotugal zuwa Jamus ko Ingila. Shi ya sa jinkirin ɗan wasan Abuja yake haura milisakan 100, alhali kati mai zana hotuna 144 a sakan yana gama kowanne cikin milisakan bakwai. Marubucin ya ɗora laifin tsinkewar wasan intanet a kan raunin furosesa, wanda kuwa ya bi shi ya sayi i9 zai tarar harbinsa na nan yana makara kamar jiya. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mai RTX 4090 a Maitama da mai RX 580 a Lugbe tare suka zauna jira. Abin da ke hannun mai gida a wannan fanni kaɗan ne: ya nemi layin waya maimakon data ta salula inda ake samu, ya ja waya daga rawuta zuwa kwamfuta ya bar Wi-Fi, ya kuma zaɓi yankin da ya fi kusa a cikin saitin wasan.